Abin da Aikin Gidan Tsofaffi Ya Koya Mini Game da Gwajin Fitsari

Na yi shekaru ina aikin jinya a wani asibiti a Kano kafin na koma Ingila, inda na kama aiki a gidan kula da tsofaffi. A can gida, mai ciwon mafitsara shi ne zai faɗa da bakinsa cewa fitsari yana yi masa zafi, mararsa tana ciwo. A nan kuwa yawancin waɗanda nake kula da su sun haura shekara 80, da yawansu gigin tsufa ya taɓa su, ba sa iya nuna inda ke musu ciwo. Wannan ne ya sa na riƙa dogara da tsinken gwajin da ake tsomawa cikin fitsari, domin a ganina shi ne zai yi magana a madadinsu.

Wata tsohuwa mai shekara 87 ce ta raba ni da wannan tunani. Ta wayi gari a rikice, ta ƙi cin abinci, ta kasa gane ɗakinta, fitsarinta kuma ya yi duhu yana wari. Na tsoma tsinke, launinsa ya sauya, na buga wa likita waya, ya rubuta mata trimethoprim, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kwana uku tana shan magani ba wani sauƙi. Wata abokiyar aikina da ta daɗe a gidan ce ta ɗauko takardar da muke rubuta bayan gidan kowa, ta nuna mini cewa matar ta kwana biyar ba ta zagaya ba, tun ranar da aka fara ba ta codeine, maganin ciwo da kan busar da ciki, saboda ciwon gwiwa. Ruwan da take sha a yini kuwa bai wuce kofi uku ba. Da aka ba ta maganin sassauta ciki, muka dage da ba ta ruwa da shayi, cikin kwana biyu hankalinta ya dawo.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin da hannuna na ba ta maganin da ba ta buƙata. Da na koma karatu sai na fahimci cewa kusan rabin matan da ke zaune a irin waɗannan gidaje suna ɗauke da ƙwayoyin bakteriya a mafitsara ba tare da wata cuta ba, wanda aka sa wa robar fitsari kuwa, da ya yi wata guda da ita kusan tabbas ne a same su. Tsinken yana nuna cewa ƙwayoyin suna nan ne kawai, ba ya bambance wadda ke zaune lafiya da wadda ke cutarwa. Shi ya sa ƙa'idar hukumar lafiya ta Ingila ta hana amfani da shi wajen gano wannan ciwo ga waɗanda suka haura shekara 65. Duhun fitsari da warinsa ma galibi alamar ƙarancin ruwa ne a jiki.

Yanzu alamu nake bi. Idan zafin fitsari sabo ne, shi kaɗai ya isa a yi zargi. In babu shi, sai an samu aƙalla biyu daga cikin zazzaɓi, yawan zuwa fitsari ko matsuwar da ba a saba gani ba, kuɓucewar fitsari ga wanda a da yake riƙewa, ciwon mara, jini a fitsari, ko sabuwar rikicewa. Rikicewa ita kaɗai takan sa in fara binciken wasu abubuwa: ciwon jiki, tari, gyambo, bushewar ciki, ƙishirwa, sabon magani, har ma sauyin ɗaki. Sai alamun sun cika nake aika fitsari ɗakin gwaje-gwaje, kuma kafin a fara magani, don a san ƙwayar da abin da ke kashe ta.

Ba wai a riƙa jan ƙafa nake nufi ba. Wani dattijo mai robar fitsari ya taɓa kama rawar sanyi da tsakar dare, kwiɓinsa yana ciwo, numfashinsa ya ƙaru, jininsa ya sauka. Ban tsaya jiran gwaji ba, na kira motar asibiti nan take, aka kuwa tarar cutar ta hau ƙoda har ta shiga jini.

Mafi wuya shi ne magana da iyalai. 'Yar tsohuwar nan mai shekara 87 takan zo ta ce mahaifiyarta ba ta cikin hayyacinta yau, a gwada fitsarinta. Ba na ganin laifinta, soyayya ce ke sa ta, kuma haka aka saba yi mata shekara da shekaru. Nakan zaunar da ita in nuna mata takardar ruwa da ta zafin jiki, in yi mata alkawarin duba mahaifiyar duk bayan awa huɗu. Bayan watanni bakwai matar ta kamu da ciwon mafitsara na gaske, da zafin fitsari da zazzaɓi, sakamakon gwaji ya nuna ƙwayar bakteriya mai suna E. coli wadda trimethoprim ba ya kashewa. Likita ya duba ƙarfin ƙodarta, ya ga za ta iya ɗaukar wani maganin, nitrofurantoin, da shi ta warke.