Ruwa ne ke cinye motar gida a ɓoye

Wanda ya mai da mota gidansa, yana kwana a ciki, yana girki a ciki wata da watanni a kan hanya, yawanci lalacewar inji yake tsoro. To amma inji yana da baki. In abu ya dame shi zai yi ƙara, ko ya yi hayaƙi, ko fitila ta kama a gaban direba. Ruwa kuwa shiru yake ɓarnarsa, kafin ka ankara katako ya ruɓe a bayan bango. Shi ya sa a ganina kulawar motar gida daga rufi take farawa.

Duk inda aka huda rufin don a sa tagar iska, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko bututu, an bi gefen da danƙo an toshe. Rana tana busar da danƙon nan, girgizar hanya tana tsaga shi. Duk bayan wata 3 ka hau, ka durƙusa, ka bi kowane gefe da yatsa. Ko tsaga mai kaurin zare kawai ta isa ta shigar da ruwan damina guda. Inda ka ga ya ɗago, kankare wanda ya saki, ka wanke wurin, ka bari ya bushe sarai, sannan ka zuba sabo, irin mai malala da kansa ya kwanta a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Kada ka kuskura ka sa danƙon silikon a rufin roba. Ba ya kama shi da kyau, kuma in ya taɓa wuri, wani danƙon ba zai ƙara zama a kansa ba sai an kankare shi tas. Daga ciki kuma, ka riƙa danna silin da kusurwoyin kabad na sama da tafin hannu. Wurin da ya lotsa kamar soso, ko ya yi tabo ruwan ƙasa, ya daɗe yana shan ruwa.

Akwai kuma ruwan da mazauna ciki suke haifarwa da kansu. Numfashin mutum biyu a ɗaki ƙarami cikin dare, da tururin tukunya, da wutar gas ita kanta, wadda kowane kilo ɗaya da ta ƙona yake sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a iska. Da safe sai ka tarar da gilasai suna zufa. Ka goge su, ka bar tagar rufi a ɗan buɗe ko da ana sanyi, ka kunna fanka lokacin girki da wanka. Kuma ka riƙa ɗaga katifa sau ɗaya a mako, domin a ƙarƙashinta fumfuna take fara kamawa.

Tankuna uku ne a ƙarƙashin motar: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Na ukun ne yake wahalar da sababbin shiga. In sun sami masauki mai ramin zubarwa, sai su haɗa tiyo su bar bawul, wato makunnin bakin tankin, a buɗe, a zatonsu komai zai riƙa wucewa. Abin da ke faruwa shi ne ruwan ya tsiyaye, mai kaurin ya zauna daidai ƙarƙashin bututu, ya taru ya bushe kamar suri, har ya toshe hanya. Ka bar bawul ɗin a rufe sai tankin ya kai kashi biyu cikin uku, don nauyin ruwan ne yake tura komai waje. Sa safar hannu, ka fara sakin na masai, in ya gama ka rufe, sannan ka saki na wanka ya ɗauraye tiyon da ruwan sabulu. Bayan nan ka zuba kamar lita 10 na ruwa a masan, kada ƙasan tankin ya zauna a bushe. In ma'aunin da ke bango ya ce tanki a cike yake alhali yanzu ka juye shi, galibi takarda ce ta manne a kan na'urar da ke aunawa, ɗauraya yake so.

Tankin ruwan sha kuma a wanke shi sau biyu a shekara. Bilic, wato ruwan farar da tufafi, marar ƙamshi, kimanin mililita 1 ga kowace lita 1 ta girman tankin. A dama shi a bokitin ruwa tukuna, a zuba, a cika tankin, a buɗe kowane famfo har a ji warin, a rufe a bar shi aƙalla awa 4, sannan a zubar a ɗauraye har warin ya tafi. Tiyon ruwan sha daban yake, wurin ajiyarsa ma daban. Kafin ka jona da famfon masauki ka sa na'urar rage ƙarfin ruwa, domin bututun robar da ke cikin bango bai saba da ruwa mai tsananin ƙarfi ba. Ga wata alama mai amfani: in duk famfuna a rufe suke amma ka ji injin tura ruwa ya yi gurnani na daƙiƙa biyu cikin dare ya yi shiru, wani wuri yana yoyo.

Kar a manta ruwa kaya ne. Lita 100 kilo 100 ce, kuma a kan taya za ta hau. Iyakar nauyin da motar za ta ɗauka yana rubuce a wani ƙaramin allo, yawanci kusa da ƙofar direba, kuma ya kamata a hau sikeli da ita bayan an gama loda kaya. Iskar taya da safe ake aunawa kafin a motsa, tana sanyi. Tayar motar gida tsufa ne yake kashe ta tun zanenta bai cinye ba. Dubi lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. In ta haura shekara 6, ko ka ga ƙananan tsagu a gefe, fara shirin canji.

Batir mai ruwa ba ya son a sha shi fiye da rabi. A cike yana nuna wajen volt 12.6, in ya sauko 12.1 alhali ba abin da ke jan wutarsa to a yi masa caji, kuma duk wata a duba ruwansa a ƙara tataccen ruwa (distilled) kaɗai. Na litiyam yana jure sauka ƙasa sosai, sai dai ba a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarar da ruwa. Janareta kuwa zama ne yake lalata shi, a tashe shi duk wata ya yi kamar awa 2 ana jan rabin wutar da yake iya bayarwa.

Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa na'urar da ke gano yoyonsa take kusa da daɓe. Kada a jibga takalma a gabanta. Duk mahaɗar bututun gas da aka taɓa a shafa mata ruwan sabulu, in ta yi kumfa a rufe tukunyar gas ɗin nan take. Firji mai aiki da gas dole motar ta tsaya daidai, in ta karkace ruwan da ke zagaya bututunsa zai taru wuri guda, bututun ya yi zafi ya toshe, kuma irin wannan lalacewar ba ta gyaruwa.

Ranar tashi, bayan an kulle kabad-kabad an naɗe rumfa, a zagaya motar da ƙafa sau ɗaya ana kallon sama, sau ɗaya ana kallon ƙasa: tagar rufi, wayar wuta, tiyo, matakala, da duk wani ɗigo sabo a inda ta kwana.