Ƙirga shekarun dusar ƙanƙara daga Samaru

Ban taɓa taka Girinlan ba, babban tsibirin nan na can arewacin duniya da ƙanƙara ta lulluɓe, amma na shafe watanni ina bin layukan dusar ƙanƙararta a allon kwamfuta, a ɗakina a Samaru. Malamina a Jami'ar Ahmadu Bello ne ya ce in gwada bayanan shirin IceBridge na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda jiragensa suka yi ta shawagi a kan Girinlan da Antatika daga 2009 zuwa 2019. Cibiyar bincike ta CReSIS da ke Jami'ar Kansas a Amurka ce ta ƙera na'urorin rada da jiragen ke ɗauke da su. Bayanan kyauta ne a intanet, amma kuɗin data daga aljihuna ya fito, shi ya sa sai tsakar dare nake saukewa.

Jirgin kan bi ƙasa-ƙasa, kimanin mita 500 daga saman ƙanƙara, rada na harba igiyar rediyo tana sauraron abin da zai dawo. Dusar lokacin zafi da ta hunturu ba matsewarsu ɗaya ba, don haka kowace shekara kan bar layinta. Hoton yana kama da bangon sabuwar rijiya: jar ƙasa, marmara, laka, kowa a gurbinsa.

Abin da na daɗe kafin ya zauna mini shi ne, rada lokacin zuwa da dawowar igiyar take aunawa, zurfin kai za ka lissafo. Igiyar na cin mita 300 a iska cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, a tsantsar ƙanƙara kuwa kimanin 168. Dusa tana tsakani, gwargwadon matsewarta. In ba ka da awon nauyinta daga sandunan ƙanƙarar da masu bincike suka haƙo a wurin, alƙalumanka kintace ne, komai kyan hoton.

A watan Yulin 2012 kusan duk saman Girinlan ya narke, ya sake daskarewa, ya bar layi mai haske a bayanan shekarun da suka biyo baya. A tsakiyar tsibirin, daga wannan layi nake fara ƙirge. Wajen gefe kuwa, musamman kudu, ruwan narkewa kan tsiyaya ya daskare cikin dusar bara ko ta bara waccan, sai ka ga layi ɓaro-ɓaro alhali ba shekara ba ce. A can na daina ƙirge gaba ɗaya. Malam ya so in cike gurbin da ƙiyasi, na ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi fili." Ya duba inda hanyoyin jirgi biyu suka gitta juna, ya ga layukan sun saɓa, ya amince.