Man da ya ƙara hura min wutar fuska

Har yau in na gifta ta gaban wani kemis a unguwarmu, raina sai ya sosu. Fuskata ke raɗaɗi, kumatu da hanci sun feso da ƙananan ƙuraje, yaron shagon ya miƙo min wani ɗan mai, ya ce, "Anti, wannan nan da nan zai share miki su." Ya kuwa share, abin takaicin ke nan. Fuska ta yi luwai. Ina daina shafawa sai zafin ya dawo ninkin na da, kamar an watsa min barkono.

Likitar fata ce ta juya kwalin ta nuna min rubutun: clobetasol. Sitiroyid ne mai ƙarfi, irin wanda ake zubawa a mayukan bilicin. Ta ce rozesha ke damuna, wato ciwon fata mai sa fuska ja da raɗaɗi da ƙuraje, kuma irin wannan mai lallaɓa ciwon yake yi na ɗan lokaci, sannan ya siranta fata, ya tayar da shi. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, shi ya sa ake ɗaukarsa ƙurajen fuska na yau da kullum. Ta rubuta min metronidazole na shafawa, ta ce ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, kiyayewa ake yi.

Da na fara lura, kusan duk abin da ke tayar min da shi zafi ne. Shayi ban bar shi ba, barinsa nake ya huce. Yajin tsire kam na haƙura. Ranar Maris da Afrilu ta Kaduna ba na shigarta sai da lema da man kariyar rana mai SPF 30. Da hunturu kuma ga iska mai busar da fata, ga ruwan wanka mai zafi, don haka sirkawa nake, in bar soso ga jiki. Dilka ba ta ƙara taɓa fuskata ba.

Duk waɗannan da sauƙi in aka kwatanta da watannin da fatar ta ɗauka tana farfaɗowa daga man nan. Don Allah 'yan uwa, ku riƙa karanta kwali. Clobetasol ko betamethasone, shi ma sitiroyid ne, ba na fuska ba ne sai likita ya ce.

Inda na fi shan wuya yanzu madafa ce. Turirin tuwo ke bugun fuska kai tsaye in ana tuƙi, shi ya sa na fito da murhun gawayi tsakar gida inda iska ke kaɗawa, da tsumma mai ruwan sanyi a wuyana.