Wasiƙar da Na Yi Wata Shida Ban Rubuta ba

A watan Oktoba na shekarar da ɗanmu ya shiga ajin share fage, na zauna a kan wata 'yar kujerar yara a gaban malamarsa, na ce mata ina so a binciki yaron nan domin maganarsa ba ta fita yadda ya kamata. Ta saurare ni da fara'a, ta ce za su sa masa ido, ta kuma ƙara da cewa yawancin yaran da ake yi wa wani harshe a gida sukan ɗauki lokaci kafin Turanci ya zauna musu. Na yi mata godiya na tashi, zuciyata cike da natsuwar cewa na sauke nauyin da ke kaina a matsayin uba. Sai a watan Afrilu na gane cewa a idon tsarin makarantun Amurka ban nemi komai ba a ranar, hira kawai muka yi.

Muna zaune ne a wani ƙaramin gari a yammacin jihar Nebraska, kusan mil 300 daga Omaha. Jihar tana da gundumomi 93, amma yawancin jama'arta da kusan dukkan ƙwararrun likitocin yara suna can gabas, a Omaha da Lincoln, yayin da mu a nan gonakin masara da garken shanu suka fi mutane yawa. A nan Amurka aka haifi yaron, kuma an gwada jinsa a asibiti kafin a sallame su shi da mahaifiyarsa, aka ce lafiya lau. Wannan takardar ta haihuwa ita ce ta rufe mini ido shekara biyar, domin ban san cewa raunin ji yana iya bayyana bayan an haifi yaro da ƙoshin lafiya ba. Duk lokacin da na kira gida na yi ƙorafi, Inna takan ce, "Kai ma sai da ka kusa shekara huɗu bakinka ya buɗe, ka bar yaro ya yi lokacinsa." Ni kuma ina so in yarda, sai na yarda.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne na san bayanin malamar bai cika ba tun tana yin sa. Yaron ba Turanci kaɗai ya gagare shi ba, Hausar ma ba ta cika a bakinsa ba. Yakan haɗiye ƙarshen kalma, ba ya bambanta "sa" da "fa", kuma idan mahaifiyarsa ta kira shi daga bayansa sai ta maimaita sau uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni na bar wadda ba ta taɓa jin yaron yana Hausa ba ta gaya mini inda matsalar take, saboda kunya da kuma tarbiyyar da muka taso da ita ta cewa ba a ja da malami. A Janairu na sake komawa, wannan karon wurin shugaban makarantar, na sake faɗa da baki, aka sake cewa ana bibiya. Daga baya na ga cewa nas ɗin makarantar ta gwada jin yaran ajin tun farkon zango, ta rubuta a kan nasa cewa bai bi umarni ba, a sake gwadawa. Kowa ya ɗauka Turanci ne bai fahimta ba, ba a kuma sake gwajin ba.

Wata abokiyar aikina, wadda 'yarta ke amfani da keken guragu, ita ce ta ba ni lambar cibiyar horar da iyaye ta jihar, PTI Nebraska. Dokar tarayya ta tanadi irin wannan cibiya aƙalla ɗaya a kowace jiha, aikinsu kyauta ne, kuma galibin ma'aikatansu iyayen yara masu buƙata ta musamman ne. Matar da ta ɗauki wayata ba ta bari na gama labarin ba ta tambaye ni ranar da na sa hannu a takardar amincewa da tantancewa. Na ce ban taɓa ganin takardar ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta bayyana mini cewa a ƙarƙashin dokar ilimin yara masu naƙasa, wadda ake kira IDEA, wa'adin kwana 60 da aka ba makaranta ta kammala tantance yaro, ko wa'adin da jiha ta sa wa kanta, yana fara ƙirguwa ne daga ranar da uba ko uwa suka ba da amincewa a rubuce. Tun da babu takarda, wa'adin bai ma fara ba.

Ya kamata in yi adalci a nan, domin na ji wasu iyaye suna faɗin abin ba daidai ba. Dokar, wadda aka fara kafawa a 1975 da wani suna aka kuma sake mata suna a 1990, ta ɗora wa kowace hukumar makarantu nauyin nemo yaran da ake zaton suna da lalura ta tantance su, ko da iyaye ba su ce uffan ba. Saboda haka makarantar ma tana da nata laifin. Amma lokacin da na yi tunanin kai ƙara ga ma'aikatar ilimi ta jiha, abin da doka ta yarda a yi cikin shekara ɗaya da faruwar abu, sai na tambayi kaina da me zan kafa hujja. Ba ni da saƙon imel, ba ni da kwafin wasiƙa, ko ranar zaman Janairu ban rubuta ba. Da na miƙa buƙatata a rubuce a Oktoba, da dole ne su yi ɗaya daga cikin biyu: su ba ni takardar amincewa in sa hannu, ko su ba ni rubutaccen bayani na dalilin ƙin tantancewar, tare da takardar haƙƙoƙina. "Za mu sa masa ido" ba ya cikin zaɓin da doka ta ba su idan buƙata ta zo a takarda mai kwanan wata.

Wasiƙar da na rubuta a daren nan layi bakwai ce kacal. Na sa sunan yaron da ranar haihuwarsa, na ce ina neman cikakkiyar tantancewa domin ilimi na musamman har da gwajin ji da na magana, na kuma rubuta jimlar da ya kamata in faɗa tun farko, wato yaron yana da wannan matsalar a harshen gida ma. Na kai kwafi biyu ofis, na roƙi sakatariya ta buga hatimin ranar a kan nawa. Cikin mako guda aka kira ni in sa hannu. Layi bakwai ɗin nan ba su ci mini minti ashirin ba, kuma har yau idan na tuna haka sai in ji abinci ya fita raina.

Sakamakon ya nuna matsakaicin raunin ji a kunnuwa biyu. Tantancewar kanta ta tafi daidai, ban da cewa ba su da gwajin magana da aka tsara da Hausa, sai suka haɗa da tafinta ta waya da gwaje-gwajen da ba sa buƙatar magana. Doka ta hana a ce yaro yana da lalura don kawai bai iya Turanci ba, ta kuma wajabta a gwada shi da harshen da zai fi nuna ainihin abin da ya sani. Wannan tanadi yana da kyau, domin yana kare yaranmu daga a jefa su ajin da ba nasu ba, sai dai na ga yadda tsoron karya shi yake sa wasu malamai su jingina komai ga harshe su yi ta jira. Iyayen da ke jin harshen yaron su kaɗai ne za su iya warware wannan, kuma ni na riƙe wannan shaidar a bakina wata shida.

An yi zaman rubuta shirin karatunsa na musamman, wanda kowa ke kira IEP, a ƙarshen Mayu, kwanaki kaɗan kafin a rufe makaranta. Wannan shi ne ciwo na biyu da jinkirin ya haifar, domin shirin ya kammalu daidai lokacin da babu mai aiwatar da shi sai Agusta, saboda haka wata shidan da na ɓata suka zama kusan shekara. Na nemi tafinta domin uwargida, wadda Turancinta bai kai nawa ba amma ta fi kowa sanin yaron, kuma makaranta ce ke biyan kuɗinsa. Daftarin da suka kawo ya ce za a yi masa horon magana "gwargwadon buƙata". Matar cibiyar iyaye ta riga ta gargaɗe ni game da irin wannan lafazi, sai na ce a rubuta adadin mintuna a mako da wanda zai yi aikin. Na kuma tambaya ko burin da aka sa masa na shekara bai yi ƙasa ba, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2017, a shari'ar Endrew F., cewa shirin dole ne ya kasance wanda zai sa yaro ya ci gaba daidai da halinsa, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba bai wadatar ba. Muryata tana rawa lokacin da na faɗi haka, amma an gyara burin.

Bayan an sa hannu ne na fara ganin abin da zaman karkara yake nufi. Makarantarmu ba ta da malamar horon magana tata ta kanta. Ƙananan hukumomin makarantu a Nebraska suna samun irin waɗannan ƙwararru ne ta hukumomin yanki da ake kira ESU, waɗanda ke ɗaukar mutum ɗaya su raba shi tsakanin makarantu da yawa. Tamu tana zuwa sau biyu a mako, malamar yara masu raunin ji kuma sau biyu a wata, daga garin da ke da nisan fiye da awa ɗaya. Idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya, zaman ranar ya tafi ke nan, sai dai a yi ta kwamfuta, kuma horon magana ta kwamfuta ga yaron da ba ya ji sosai abu ne da sai an gani. Ba na ganin laifin matan nan biyu, domin na san suna cin abincin rana a mota. Majalisar Dokokin Amurka ta yi alkawarin biyan har kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin ɗalibi domin wannan aiki tun 1975, ba ta kuma taɓa kusantar cika shi ba, sai nauyin ya faɗa kan jihohi da ƙananan garuruwa irin namu. Duk da haka na sayi littafi ina rubuta kowane zaman da aka rasa, a ƙarshen zango in aika da lissafin ta imel in nemi a rama. An rama mafi yawansu ba tare da gardama ba, tun da ranakun suna rubuce.

Na'urorin ji kuwa wani fage ne daban. Makaranta ta samar da makirufon da malama ke ratayawa a wuya, mai aika muryarta kai tsaye zuwa kunnen yaro, kuma doka ta ɗora musu duba cewa na'urorinsa suna aiki a makaranta, amma sayen na'urorin kansu, waɗanda kuɗinsu yake kai dubban daloli, ta Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga yaran masu ƙaramin ƙarfi, muka same shi, domin kuɗin shigarmu bai wuce ƙa'ida ba. Awa huɗu da rabi ne zuwa wurin ƙwararrun a Omaha, haka ma dawowa, kuma kunnen yaro yana girma, dole a riƙa sake masa abin da ake cusawa a ciki. Sai da na yi tafiya uku da man motata da ranakun hutuna kafin wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko na nemi taimakon sufuri da Medicaid ke bayarwa don zuwa asibiti. Wannan ma ya ɓata mini rai, amma asarar kuɗi ce, kuma kuɗi suna dawowa.

Ƙanwarsa tana da wata goma sha takwas lokacin da muka ga kalmominta ba su wuce uku ba. Ban kira Inna ba, ban kuma jira ganin likita na gaba ba. Na rubuta wa shirin jihar na yara 'yan ƙasa da shekara uku, Early Development Network, wanda doka ta ba kwana 45 daga ranar da aka miƙa sunan yaro ya kammala tantancewa ya zauna da iyali, kuma ma'aikatansa har gida suke zuwa, kyauta. Wannan shirin yana nan tun ɗanmu yana goye, a garin nan, ban san da shi ba. An gwada ta, jinta lafiya lau, bayan wata huɗu kuma ta cika mana gida da surutu.

Shi kuma yanzu yana aji uku. Yana kiran sunan ƙanwarsa daidai, yana gardama da ni da harsuna biyu, amma a karatu yana bayan 'yan ajinsa da kimanin shekara ɗaya. Malamarsa ta yanzu ta ce tazarar tana raguwa, kuma ba wanda zai iya cewa nawa ne daga cikinta ya samo asali daga wancan jinkiri. Na san gaskiya ta faɗa. Duk da haka, duk lokacin da na buɗe jakar takardunsa domin shirin zaman shekara, takardar farko da nake gani ita ce wasiƙar nan mai hatimin Afrilu, kuma ban taɓa wuce ta ba sai na ƙirga watannin baya da yatsa zuwa Oktoba.