Yadda nake koya wa kwaya Halleluya ta Handel

Duk kwayar (ƙungiyar mawaƙan coci) da ta fara jin ƙarfinta, ba a daɗewa za ka ji ta ce bana sai Halleluya ta Handel a Kirsimeti. Ina cikin masu koyar da ita a coci, kuma abin da aikin ya nuna mini shi ne ba a farkonta ake faɗuwa ba. Farkon kowa ya iya shi tun bai ga takarda ba. A tsakiya ake watsewa, sannan a isa ƙarshe murya ta ƙare.

George Frideric Handel haifaffen Halle ne a Jamus, a 1685, amma a Landan ya yi yawancin aikinsa har ya rasu a 1759. Babban aikin da wannan waƙa take cikinsa, wato Messiah, cikin kwana 24 ya rubuta shi a 1741, bayan Charles Jennens ya tsamo masa kalmomin daga Littafi Mai Tsarki. An fara rera shi a Dublin ranar 13 ga Afrilu, 1742, dab da Ista, da mawaƙa kimanin talatin. Nakan gaya wa kwaya wannan adadin da gangan, don su san ba taron ɗari ake buƙata ba, ba kuma ihu ba. Mutum ashirin da huɗu da suka iya ƙirga sun fi sittin masu bin na kusa da su.

Waƙar gaɓa 94 ce (gaɓa ita ce ɗan yankin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar waƙa), kowace gaɓa bugu huɗu, doh a kan D, kuma ba ta wuce minti huɗu da 'yan kai. Mako takwas, haɗuwa biyu a mako, sun ishi kwayar da ta iya karanta solfa, wato rubutun sautuka da doh, re, mi. Ba na fara koyarwa daga gaɓa ta farko. Daga ta 41 nake farawa, inda bas, wato maza masu kaurin murya, suke shiga su kaɗai da maganar cewa zai yi mulki har abada abadin. Solfarsu ita ce s, d', m, l, d, f, m, r (alamar ' tana nufin sautin na sama): a hau matakala huɗu, a sauko shida, a sake hawa huɗu, a sauko shida. Saukar ce matsalar. Kunne ya saba da sauka biyar, don haka bas sukan tsaya a kan fah maimakon mi, daga nan layin duka ya karkace. Nakan sa kwayar gaba ɗaya, har da sofrano, su rera layin nan a hankali babu kalmomi, sai ya zauna, domin kowace murya za ta ɗauke shi bi da bi: bas, tena, alto, sofrano, wato daga mafi kaurin murya zuwa mafi siranta. Tena kuwa a sautinsu na biyu suke taɓa soh na sama. Wanda ya tura shi da maƙogwaro zai fashe. Sai an sassauta haɓa, an ɗauke shi da sauƙi.

Abin da ke rusa wannan sashe shi ne wanda ya riga ya shiga ba ya son ja da baya. Idan tena suka ɗauki layin, dole bas su rage, haka nan idan alto suka shiga. In ba haka ba, mai sauraro zai ji hayaniya ce kawai, ba zai ji layi ɗaya yana wucewa daga hannu zuwa hannu ba, alhali shi ne kyan wurin.

Daga nan sai gaɓa ta 51, Sarkin sarakuna, Ubangijin iyayengiji. Sofrano da alto suna riƙe sauti ɗaya, sauran suna amsa musu a ƙasa. Sannan sofrano su kaɗai su riƙa hawa: d', r', m', f', kowanne a riƙe shi tsawon gaɓa biyu ko fiye. A nan ne sauti yake zamewa ƙasa, kuma dalilin numfashi ne. Iska na ƙarewa, sautin na sauka ba tare da mai rerawa ta sani ba. Nakan raba sofrano gida biyu, in ba kowane gida wurin da zai saci numfashi a tsakiyar riƙon, ya koma cikin sautin a hankali. Kada kuma su ba da duk ƙarfinsu a kan d'. Idan suka fara da rabin ƙarfi, za su sami abin da za su ƙara a kowace matakala. Da hunturu abin ya fi wuya, ƙura ta busar da maƙogwaro, saboda haka ruwan ɗumi da ɗumama murya na minti goma ba abin da za a tsallake ba ne. Harafin s da ke ƙarshen kalmomin Turancin wannan sashe, wato "Kings" da "Lords", ma sai an tsayar masa da bugu ɗaya tak, in ba haka ba kowa zai sake shi lokacin da ya ga dama.

Farkon nakan bar shi sai mako na uku. Fiyano na yin gaɓa uku, kwaya ta shiga a ta huɗu da d', s, l, s. Sautin farko bugu ɗaya da rabi ne, sauran ukun rabi-rabi, sai shiru na bugu ɗaya. Mutane sukan ja "ya" ta ƙarshe ta cinye shirun. Tafi nake sa su yi a kan bugun shirun har su daina. A gaɓa ta 12 muryoyi huɗu suna haɗuwa a layi ɗaya, wurin yana da sauƙi, amma daga ta 22 layin nan yana tafiya a murya ɗaya sauran suna jefa halleluya gajeru da sauri, kowa da lokacin shigarsa. Babu dabara a nan sai ƙirga: a karanta kalmomin da baki a kan bugu, murya biyu-biyu, kafin a sa sauti.

Wajen gaɓa ta 34, inda ake cewa mulkin duniyar nan, waƙar tana saukowa ta yi laushi. A ganina kwayar da ba ta yi ƙasa da murya a nan ba ta yi asarar waƙar duka, domin tashin da ke biye, mulkin Ubangijinmu da Almasihunsa, ba zai sami abin da zai tashi daga kansa ba.

Dab da ƙarshe akwai tsayawa cak kafin halleluya ta ƙarshe mai tafiya a hankali. Kusan kullum sai wani ya ƙara halleluya ɗaya a cikin shirun. Nakan sa kowa ya yi alama da fensir a wurin, kuma daga gaɓa ta 88 idanu su bar takarda su dawo kan hannun mai jagora.

Sauri kuwa, bugu 96 zuwa 104 a minti ya isa. In ya wuce haka gajerun halleluya suna cakuɗewa, in ya gaza sofrano ba za su iya riƙon ba. Mai fiyano shi ne ya maye gurbin goge, ƙaho da tambura na asali, sai ya sassauta taka feda don bugun ya fito sarai. Idan sofrano ba su kai saman ba, a sauke kibod da rabin matakala. Masu kiɗan zamanin Handel da kayan irin na dā a yau ma sukan sauke sautinsu da kusan rabin matakalar. Sauke matakala guda cur kuma yakan danne alto da bas su dushe, don haka ba na wuce rabin.