Allurar Rage Kitsen Jini da Batun Tsadarta

Tun shekarar 1987, lokacin da Amurka ta amince da lovastatin, ƙwayoyin statin ne likitoci suka fi dogara da su wajen rage mugun kitsen jini da ake kira LDL, wanda yake taruwa a bangon jijiyoyi sannu a hankali har ya toshe hanyar jini, ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Sai dai akwai masu shan statin kullum amma kitsen ya ƙi sauka yadda ake so, akwai kuma masu ajiye shi saboda ciwon tsoka.

Sabuwar hanyar rage kitsen ta biyo ta kan wani sinadari mai suna PCSK9, wanda hanta take fitarwa, kuma aikinsa shi ne lalata 'yan kafofin da hantar take tsamo LDL daga jini da su. A 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen na birnin Dallas suka nuna cewa wasu baƙaƙen fatar Amurka sun gaji halittar da take raunana wannan sinadari, kuma haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya a wurinsu ya ragu da kashi 88 cikin ɗari. Wannan bayani yana taɓa ni ƙwarai, domin daga jinin mutanen da asalinsu Afirka ne aka samo hujjar.

A 2015 aka fito da evolocumab da alirocumab, allurai ne da ake yi a ƙarƙashin fata duk mako biyu ko duk wata, suna toshe aikin PCSK9, su rage LDL da kusan kashi 60 cikin ɗari. Daga baya inclisiran ya zo, wanda bayan allurai biyun farko sau biyu kawai ake yin sa a shekara. Ga mai ciwon da yake yawan mance ƙwayarsa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da yake damuna shi ne kuɗi. Farashin evolocumab ya fara ne da kusan dala 14,000 a shekara, kuma ko bayan ragin da aka yi a 2018 ya fi ƙarfin talakan Kano ko na Maraɗi nesa ba kusa ba, ga shi yana buƙatar firij a garuruwan da wuta ba ta tsayawa. Galibi ma a kan statin ake ƙara waɗannan allurai, shi kuwa statin yana nan da araha a kemis, alhali mutane da yawa a cikinmu ko gwajin kitsen jini ba a taɓa yi musu ba.