Makonnin da na yi tafinta tsakanin masu zoɓo da baƙon Meksiko

Ranar da muka fara shiga kasuwar Dawanau tare, ni ɗan Kano ne na fara neman inuwa, shi da ya zo daga Meksiko ko gezau bai yi ba. Jami'in diflomasiyya ne, ni kuma an ɗauke ni tafinta na 'yan makonni. Ina juya masa Hausa zuwa Turanci, shi yana rubutawa da Sifaniyanci a wani ɗan littafi da ba ya barin aljihunsa.

Zoɓo ne ya kawo shi. Mutanen ƙasarsa suna shan sa da ƙanƙara kamar mu, suna ce masa "agua de jamaica", kuma abin da suke nomawa ba ya isarsu, shi ya sa zoɓo mai yawa da ake tarawa a Maigatari da Dawanau can yake ƙarewa. Sai wani ƙwaro ɗan mitsitsi mai suna khapra ya shiga tsakani. Yana ɓuya a ɗinkin buhu da tsagar bangon sito, yana iya daɗewa ba ci ba sha. Da aka gan shi cikin kaya, Meksiko ta rufe ƙofa, buhuna suka jibge a sito, matan da ke tsince zoɓo ana biyan su kullum suka koma gida.

A mota, kan hanyar Gumel, ya ba ni labarin aikinsa. A ƙasarsu da jarrabawa ake shiga aikin, sannan a yi horo a cibiyar Matías Romero da aka kafa a 1974, a fara daga matakin ƙasa a bi ta sakatare na uku, na biyu, na ɗaya, har wanda Allah ya nufa ya kai jakada. Na ɗauka zai ba ni labarin liyafa da manyan mutane. Ashe wurin da aka fara tura shi ƙaramin ofishin jakadanci ne a jihar Arizona ta Amurka, ɗaya daga cikin kusan 50 da Meksiko ke da su a ƙasar. Can aikinsa ziyartar 'yan ƙasarsu a kurkuku, da zuwa duba gawar waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamadar Sonora suna ƙoƙarin tsallaka iyaka. Wani lokacin ba abin da ya rage sai takalmi, da lambar waya da aka rubuta a cikin ɗamarar wando. Shi zai buga lambar.

Ya haddace sashe na 36 na yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Biyana a 1963, wanda ya wajabta a sanar da baƙon da aka kama cewa yana da damar ganawa da ofishin jakadancin ƙasarsa. A kan wannan sashe Meksiko ta kai Amurka kotun duniya da ke Heg saboda 'yan ƙasarta fiye da 50 da aka yanke wa hukuncin kisa, ta kuma yi nasara a 2004. Daga baya aka turo shi Abuja, inda ƙasarsu ta sake buɗe ofishinta a 2008.

Kuskurena ya faru ne a wani sito. Alhajin da ke da kayan ya dafa buhu, ya ɗebo zoɓo ja wur a tafin hannunsa, ya ce: "Gaya masa, ranka ya daɗe, bashi na ci na sayi wannan. Su suna can cikin sanyi suna sa hannu a takarda, ni 'ya'yana sun bar makaranta. Wannan zalunci ne." Na ji nauyin baƙo, sai na ce Alhaji yana roƙon a duba lamarin.

Baƙon ya rufe littafinsa. Ya ce mini ya ga jijiyar wuyan mutumin ta tashi, kuma maganar da ta ɗauki wannan tsawo ba za ta zama kalma shida ba. Na maimaita masa duka, har da zaluncin. Bai ɓata rai ba. Ya ce in gaya wa Alhaji ba shi da ikon buɗe ƙofar, hukumar lafiyar tsirrai ta ƙasarsu ce ke da shi, ba kuma zai yi alkawarin rana ba. Abin da zai iya shi ne ya rubuta abin da ya gani, ya kuma faɗa masa sharuɗɗan yadda suke: sabon buhu, sito mai tsabta, a turara wa kaya magani kafin a loda, a samu takardar shaida.

Tun daga ranar na daina yi wa magana kwalliya idan ina tafinta. Ya ce mini shi ma a waya ya koyi haka: uwar da ke jiran labarin ɗanta tana ganewa tun daga sallama, kewaye-kewaye kuwa azabarta kawai yake tsawaitawa.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa yaro ya kawo zoɓo mai sanyi da citta da kanumfari. Baƙon ya kurɓa, ya ce a garinsu ba a sa kayan ƙamshi haka, ya buɗe littafin ya tambaye ni yadda ake rubuta kanumfari.